Kawu da Muryar da Ke Tsakanin Ƙahonni Biyu

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya koma ga Mahaliccinsa ranar wata Talata da hantsi, a gidansa da ke unguwar Majidaɗi a Jalingo. Na Allah ne mu duka, wurinsa kuma za mu tattara. Da ladan ya tashi yin sanarwa, lasifikar masallacin unguwa ta yi ta tsuwa, ta ƙi fitar da magana. Ya busa abin maganar, ya ƙwanƙwasa shi, daga ƙarshe ya ajiye ya fito bakin titi yana faɗa da bakinsa. Da wani ya tambaye shi me ya sami lasifikar, cewa ya yi, "Ai mai gyaranta ne nake sanarwarsa."

Kwana ukun zaman makoki na yi su tsakanin cikin gida da bakin zaure, ina miƙa kunu ina karɓo kofuna, don haka na ji yawancin abin da aka faɗa a kansa. Wani tsohon direba da suka yi yawon ƙauyuka tare ya rantse cewa in Kawu ya ɗaura lasifika a kan mangwaro a Majidaɗi, mutanen Abbare kan ajiye cokali su saurara. Wani dattijon coci, wanda Kawu ya sha kai musu kayan sauti, ya zo da 'ya'yansa, ya zauna ya ce, "Baba ɗin nan bai taɓa tambaya taro na waye ba. Shi dai zai ce, mutum nawa ne, kuma iska yana zuwa daga ina."

A cikin gida kuwa, wata goggonmu da ta zo daga Zariya ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Sai dai na ji an ce da tsufansa ya koma zaman jin kiɗa a ɗaki."

Matar Kawu, wadda muke kira Dada, tana gefe tana amsa gaisuwa. Sai ta ɗago kai. "Ba kiɗa yake ji ba, Hajiya. Neman inda mai kiɗan yake tsaye yake yi."

Goggo ta juyo ta dube ni, ko zan yi mata bayani. A ranar ban iya ba. Shi ya sa na zauna yin wannan rubutu, don duk garin sun san Kawu da ƙara, amma kaɗan ne suka san abin da ya cinye masa shekarunsa na ƙarshe a wani ƙaramin falo, ana kunna sauti ƙasa-ƙasa.

Kakanmu baduku ne, daga Zariya ya zo Jalingo da kayan aikinsa. Kawu ya ƙi allura da fata, ya bi waya. Sana'arsa ita ce kai lasifika wurin taro, irin mai faffaɗan baki ɗin nan ta ƙarfe da ake ɗaurawa a bishiya ko a kan mota, wadda shi yake kira ƙaho. Wa'azi, biki, taron siyasa, bikin godiyar kaka a coci, duk ya yi. Yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya: duk ɗakin da ya shiga, kafin ya zauna sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai. Ya yi haka a gidan surukaina ranar da aka kai ni, ya ce wa uwar mijina, "Hajiya, ɗakin nan naki yana maida magana. Ki ƙara labule." In ka ce masa wani sauti yana da daɗi, sai ya ɓata rai. "Zuma ma tana da daɗi. Faɗa mini abin da ka ji." Ni kuma, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Uwata yake kirana.

Labarin da ya fi maimaita mana shi ne na Sunkani. Yana saurayi ya kai kaya wani biki can, aka saukar da shi a gidan wani malamin makaranta. Malamin yana da rediyo mai kaset da akwatunan sifika biyu, ɗaya a kowace kusurwa. Ya zaunar da Kawu a tsakiya ya kunna.

"Wallahi, Uwata, sai na ji mawaƙin a gabana, tsakanin akwatunan nan, inda babu komai sai labule. Mai ganga yana damansa, 'yan amshi suna baya. Na tashi na ɗaga labulen ina neman sifika ta uku. Malamin ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya ce sunan abin sitiriyo: da abin magana biyu aka ɗauka, kowace sifika tana ba kunne ɗaya rabonsa, kai ne ke haɗawa a cikin kanka."

A hanyar dawowa, yana zaune bayan mota a kan ƙahonninsa, tambayar ta shige shi: ƙaho da ke jefa murya har ƙetaren kogi, zai iya tsayar da ita wuri ɗaya a cikin ɗaki kamar yadda akwatunan can suka yi? Ya ce ya tambayi masu gyaran rediyo da yawa, kowa ya ce masa ƙaho na fili ne, akwati na ɗaki, ya bar wahala. Bai yarda ba, amma iyali da aiki ba su bar shi ya gwada ba, har shekara wajen talatin.

Sai da gwiwa ta hana shi hawa bishiya ya raba kayansa, ya riƙe ƙaho biyu. Ya fitar da kujerun falo, ya jingina ƙahonnin a kusurwoyi, ya haɗa da injin ƙara sauti. Ina nan ranar gwajin farko. Ko minti ɗaya ba a yi ba kaji suka watse daga tsakar gida, Dada ta fito da zani ɗaure a kai tana cewa ko dai ƙahonnin su fita ko ita ta tafi gidan yayanta. Muryar mawaƙin ta fito kamar an matse masa hanci, ganga kuwa ta zama kamar ana dukan kwano. Kawu bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ɗalli bakin ƙahon da farce, ya saurari yadda ƙarfen ke ci gaba da amo.

"Kin ji? Shi ma yana nasa waƙar a kan ta mutane. Ba laifin siffar ba ne, laifin ƙarfen ne."

Abin da ya hana shi haƙura shi ne wani abu da ya sani tun yana fili. Ya ce akwati yana watsa sauti kamar fitilar ƙwai, ko'ina ya samu, ya daki bango ya dawo, ya daki rufi ya dawo, kunne ya rasa wanne ne na asali. Ƙaho kuwa kamar tocila yake, inda ka nuna shi nan yake zuwa. To in haka ne, ai kamata ya yi ƙaho ya fi akwati iya nuna inda kowa yake tsaye, tun da bango ba ya sa masa baki sosai.

Ya je wurin wani kafinta a Abbare da zanen ƙahon katako a bayan takardar kalanda. Kafintan ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Baba, akushi kake so ko mazurari?" Sun ɓata katako ba kaɗan ba. Na farko sun yi tsawo, murya ta fito kamar daga rijiya. Na biyu ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi, mawaƙi ya karkata gefe ya ƙi dawowa. Nan Kawu ya gane dole su zama tagwaye, har kawunan sifikar da ake ɗaura musu a baya. Daga ƙarshe suka tsaya a kan wasu gajeru masu faɗin baki, leɓensu a lanƙwashe, aka ɗora kowanne a kan akwati mai ɗauke da kaurin ganga, don ƙaho ƙarami ba ya iya fitar da shi. Ko wannan ɗorawar sai da ta ci wata guda, yana matsar da ƙahon gaba da baya da faɗin yatsa, wai don sautin sama da na ƙasa su iso kunne tare.

Kujera ɗaya ce a falon, ƙafafunta a cikin zanen alli. Duk wanda ya zo gaishe shi ya shiga hannu. Zai zaunar da kai, ya ce ka rufe ido, ya kunna, ya ce, "Nuna mini mai waƙa." Inda yatsanka ya nufa a bango sai ya je ya ɗiga alli. Ladan ya zauna a kujerar nan, bayan an yi masa alkawarin karatu za a sa ba kiɗa ba. Mai kawo gawayi ya zauna. Dada ta fi kowa zama, tana mita tana nunawa. In ɗigon suka warwatse, ya san da saura. In suka taru, sai ya yi ta murmushi har yamma.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma aikin yana sa mutum ya ga abin da ba a nuna masa ba. Na lura Kawu ba ya zama a kujerar. Na lura in ana magana yakan miƙo kunnen dama, in kuma aka kira shi ta hagu ba ya juyowa. Wata Asabar na tarar da shi da ladan da kafinta, gumi ya jiƙe masa riga, yana jan akwati da gwiwar da aka hana shi wahalarwa. Raina ya ɓaci, bakina ya riga hankalina.

"Kawu, kunnenka na hagu fa ba ya ji. Wannan abin da kake nema sai da kunne biyu. Ko ka same shi ba za ka ji ba. Me ya sa kake kashe kanka?"

Ladan ya sunkuyar da kai, kafinta ya hau duba ƙusar da ba ta buƙatar dubawa. Kawu ya miƙe a hankali, ya kashe injin.

"Asibitinku yana can cikin gari," ya ce. "Nan falona ne. Ki gaida gida."

Mako biyar bai ce mini Uwata ba. In na gaishe shi ya amsa da sunana na yanka, kamar mai kiran baƙuwa. Mahaifiyata ta yi mini faɗan da rabona da irinsa tun ina budurwa. Dada ce ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ban sani ba: ya fi shekara goma da sanin kunnen ya tafi. A wani taro ne, yana saman turke yana ɗaure ƙaho, kansa a bakin ƙahon, wani ya kunna inji a ƙasa ba tare da ya duba ba. Ya sauko jini na fita masa a kunne, ya goge ya ƙarasa aikin. Ya ɓoye don kada a daina kiransa aiki, daga baya ɓoyewar ta zame masa jiki.

Na je na durƙusa a ƙofar falon na ba shi haƙuri. Ya bar ni a durƙushe na ɗan lokaci yana murɗa wata waya.

"Gaskiya kika faɗa," ya ce. "Wurin faɗar ne kika ɓata. Amma akwai inda kika yi kuskure. Kin ɗauka don in ji nake yi. Ni na riga na ji, sau ɗaya, a Sunkani, da kunnuwana biyu. Na san abin yana nan. Tambayata ba a kan kunnena take ba, a kan ƙaho take: zai iya, ko ba zai iya ba? In na mutu ban sani ba, wannan ne zai dame ni." Ya nuna kujerar da haɓa. "Tashi, Uwata. Tun da kin ce naki biyu ne, zo ki ara mini."

Na zauna na rufe ido. Ban taɓa zama da niyyar ji ba sai ranar. Mawaƙin ya fito a gabana, daidai tsayin mutum a tsaye, har ina jin inda yake jan numfashi. Mai kalangu yana dama, ya ɗan ja baya. 'Yan amshi sun yi layi ta hagu. Ƙahonnin kansu kamar ba su ke yi ba. Na buɗe ido ban shirya ba, don jikina ya ba ni akwai mutum a ɗakin.

"Yanzu karkata kanki hagu, kamar taki ɗaya na hannu," in ji shi.

Na karkata. Nan take mawaƙin ya gudu ya shige ƙahon hagu, komai ya rushe.

Ya yi dariya. "To kin ji amsar. Ƙaho ya iya, har ya fi akwatin malamin can fitar da kowa a wurinsa. Amma marowaci ne. Mutum ɗaya yake ba, a kujera ɗaya."

Da a nan ya tsaya, da ya huta. Maƙwabcinsa ne ya hana.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da wani dattijo Bamumuye, manomin doya, wanda suka yi shekaru suna dara a inuwar mangwaro suna zargin juna da maguɗi. Shi ke jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu. A bikin godiyar kaka na ƙarshe da Kawu ya kai musu kaya, ya kafa abin magana biyu a gaban mawaƙan, ɗaya hagu ɗaya dama, ya ɗauki waƙoƙin a 'yar na'urarsa don gwaji kawai. Bayan shekara biyu maƙwabcin ya rasu. Kawu ya bari aka yi wata huɗu, sannan ya aiki Dada ta kira matar, wadda duk unguwa ke kira Mama.

Mama ta zo da babbar 'yarta, tana ɗari-ɗari. Kawu ya ce ta zauna ta rufe ido. Ya kunna. Aka ji motsin mutane, aka ji wani ɗan tari, sannan murya mai kauri ta ja baiti. Hannun Mama ya tashi da kansa, ya nuna wani wuri ɗan hagu da tsakiya.

"Ga shi," ta ce. "Ga shi nan. Nan ne yana tsayawa kullum, kusa da mai ganga. Wannan tari ma nasa ne."

Ta saurara har ƙarshe ba ta sauke hannun ba. Sai ta ce 'yarta ta zo su ji tare. Aka shigo da benci suka zauna kafaɗa da kafaɗa. Kawu ya sake kunnawa. Mama ta ce mijinta ya koma cikin katakon hagu. 'Yar ta ce ita daga dama take jin komai a dunƙule.

"Mama, ni ban same shi ba," ta ce, ta fashe da kuka.

An ba ta kujerar ita kaɗai daga baya, ta ji shi, ta yi godiya. Amma Kawu bai ci abincin kirki ba ranar. Ya ce wa Dada, "Uwa da 'ya su zo neman mutum ɗaya, a ce sai dai su bi layi? Wannan ba aiki ba ne."

Daminarsa ta ƙarshe a kan wannan ta ƙare. Ƙafafunsa sun fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya, ni da kafinta muke ja masa akwatunan yana ba da umarni daga kan tabarma. Mun nisanta su, mun kusanta su, mun rataya bargo a bango, duk a banza. Wata rana da azahar ya sa aka rufe tagogi aka toshe hasken, ya ɗora tocila a kan kowane ƙaho tana kallon inda ƙahon ke kallo. Hasken biyu suka haɗu daidai kan kujera. Ya daɗe yana kallo.

"Juya su ciki," ya ce. "Ƙara. Ƙara dai. Ina so su gicciye a gaban benci, ba a kansa ba."

Kafinta ya ce ai kuwa sun zama masu harara-garke. Kawu ya ce a bar su haka, ya yi mana bayani da hasken. Wanda ya zauna ta hagu ya fi kusa da ƙahon hagu, amma yanzu wannan ƙahon ya kauce masa, na dama ne ke kallonsa kai tsaye. Kusancin ɗaya da kallon ɗayan sai su yi kunnen doki. Na dama ma haka. Rowar ƙahon ce dai ta juya ta zama maganin kanta. Ni da Dada muka zauna a benci muka gwada. Ba ta kai kaifin kujera ɗaya ba, na gaya masa gaskiya, amma mawaƙin bai gudu ba.

Mako biyu kafin rasuwarsa, da la'asar, ya sa aka kira Mama da 'yarta. Ya ce in tsaya a bayansu in ga yatsunsu da kyau. Suka rufe ido. Tari ya zo, murya ta ja baiti. Hannu biyu suka tashi, na tsohuwa da na 'yarta, suka nufi wuri ɗaya, ɗan hagu da tsakiya. 'Yar ta laluba ta kama ɗayan hannun uwarta, idonta a rufe.

Kawu yana zaune a gefe, yana miƙo kunnen dama, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Da waƙar ta ƙare ya ce, "Ina ne daidai? Ni ba na iya ganewa daga nan."

Wannan ne karo na farko da na ji ya faɗi haka a gaban wani. Mama ta tashi, ta kama bakin hannun rigarsa, ni na tallafe shi ta ɗaya gefen. Ta ja shi a hankali har tsakanin ƙahonnin, ta matsar da shi kaɗan hagu, ta ɗan tura shi baya.

"Nan, Baba. Ka tsaya daidai a kan ƙafarsa."

Kawu ya tsaya yana haki. Ya dubi simintin da ke ƙarƙashinsa, ya dubi iskar da ke gefensa, sai ya ce, "Maƙwabci, ka ga wahalar da ka ba ni? A dara ka cuce ni, a nan ma ba ka bar ni na huta ba."

Mama ta yi dariya hawaye na zuba, Dada ta juya ta fuskanci bango. Muka maida shi kan tabarma. Da numfashinsa ya daidaita ya kira kafinta da hannu, ya tambaye shi ko akwai sauran katako mai tsawo, don in Allah ya kai mu rani yana so a yi benci na mutum uku, Mama tana da wani ɗa a Sunkani da bai ji ba tukuna.

Bai kai ranin ba. Kafinta ya kawo bencin ranar sadakar bakwai, a kan kansa, daga Abbare.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa abin da zai fara ji a can ya zama sallama.